Neman Jar Karsana Daga Aliero Zuwa Maiyama

Mun tashi daga Jega ana idar da sallar asuba, ni da maiɗakina, ko karin kumallo ba mu tsaya yi ba. Kawunta ne ya kira daga Aliero. An zauna rabon gadon kakarta, sai aka tarar jar karsanar marigayiyar ba ta cikin garke, kuma Bafulatanin da ke yi wa gidan kiwo tun kafin a haifi maiɗakina ya ƙi faɗin inda take, sai dai ya ce tana nan lafiya. Kawu ya rantse washegari zai kwashe shanun, ya kai tsohon gaban mai gari da sunan ɓarawo.

Ya kamata in bayyana abin da ya sa muka ga aikin namu ne. Tun muna jami'a muke karanta wasu littattafan bincike na Turanci, waɗanda taurarinsu miji da mata ne, 'yan asalin Girka mazauna Amurka. Ba 'yan sanda ba ne. Gidan abinci suke da shi a unguwar da kowa dangin kowa ne, kuma daga hirar tsofaffi a kan abinci suke gano mai laifi. A ƙarshe sukan tara jama'a su fasa ƙwai a gaban kowa. Maiɗakina ta daɗe tana cewa in ka cire man zaitun, unguwar nan Jega ce.

Motar da muka shiga ta cika har ta batse, direba kuma ya ƙara kuɗi ya ɗora wa fetur laifi, kamar kullum. Na kasa zama wuri ɗaya. Tun kafin mu shiga Aliero warin albasa ya tarye mu, ga buhuna jibge a bakin hanya, 'yan dako suna loda su a manyan motoci.

A zauren Kawu na gane bambancinmu da mutanen littafi. Mijin can yakan dubi surukinsa ido cikin ido ya jero masa tambayoyi. Ni kuwa na durƙusa, na gaida shi, na tambayi gona, na sake gaida shi. Aka kawo fura na kasa sha, don suruki ba ya buɗe baki a gaban surukinsa.

"Mi kaz zo bincika, mai digiri?" in ji Kawu. "Saniya ta ɓace, mai kiwo ya yi shiru. Wanga har sai an je makaranta?"

Ban samu komai ba sai ciwon gwiwa. Amma maiɗakina ta fito daga cikin gida ɗauke da wata 'yar ƙwarya mai zanen wuta a baki. Matar Kawu ta gaya mata cewa a 'yan watannin nan wani direban Maiyama yakan kawo man shanu a cikinta, ya ce na Kaka ne, ba tare da sunan mai aike ba. Har bayan rasuwa an kawo.

"Malam," ta ce mini, "wanda ya saci saniya ba ya aiko da mai."

Babu yadda za a je Maiyama sai an koma ta Jega, don haka muka wuce ta bakin unguwarmu kamar baƙi. Bayan gada hanya ta yi ramuka, rana ta take, motar ta tsaya shan ruwa ta fi mu. Duk tsayawa sai in duba inuwa in ga ta ƙara gajarta. A tashar Maiyama muka ci ƙosai a tsaye, maiɗakina tana nuna ƙwaryar ga masu sayar da nono. Wata ta juya ta, ta dubi zanen, ta nuna mana hanyar bayan gari.

Gidan na zana ne, ya jingina gefe guda. Maiɗakina ta shiga jin labari, ni na tsaya a waje, amma ta saman zana na hango jar saniya a turke, ɗan maraƙi yana tsotsonta. Matar gidan mijinta ya rasu ya bar ta da yara, uwarta kuma ƙawar marigayiya ce tun suna 'yan mata. Kaka ta ba ta aron karsanar bisa al'adar makiyayan yankin: za ta riƙe ta har ta haihu ta yaye, ɗan ya zama nata, uwar ta koma garke. Kuma ta sa mai kiwo ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba, don kada a san matar ta kai ga neman taimako. Tsohon ya gwammace a kira shi ɓarawo da ya tona mata asiri.

Matar ta fara kwance igiya, ta ce mu tafi da saniyar. Maiɗakina ta karɓi igiyar ta mayar a turke.

A hanyar komawa Aliero muka yi gardama. Ni ina son a tara dangi a wanke tsohon a gaban kowa, kamar yadda ake rufe littafi. Ta ce in mun yi haka, mun wanke shi da mutuncin da ya yarda ya rasa nasa don ya tsare.

Bayan la'asar ta shiga wurin Kawu ita kaɗai. Ya fito bai dube ni ba, ya sa a ɗaure goro, ya ce mu raka shi ruga. Can ya zauna a kan tabarmar tsohon, ya ajiye goron a gabansa.

"Jar nan," in ji Kawu, "a bar ta inda take sai ta yaye."

Tsohon ya ɓare goro, ya miƙa masa rabi, ya tambaye shi yadda albasa ta yi bana.

Mun iso Jega ana kiran magariba, ƙura har cikin kunne. Tafiyar ta koya mini cewa a ƙasarmu mai bincike yana bukatar mata mai shiga inda ba ya shiga, kuma gano gaskiya ba shi ne ƙarshen aiki ba, sai an san wanda za a gaya wa. Ƙwaryar tana kan kantarmu, kusa da littattafan. Har yanzu dangi suna tambayata inda saniyar take, ni kuma ina ba su amsar da tsohon ya yi ta ba Kawu: tana nan lafiya.