Kira Uku na Ammu Abakar

Shekara huɗu muka yi muna gardama a kan fim ɗin nan na lauyoyi, a shagon abincin Fadl da ke Hayyin Ashir, kuma har na bar Masar ba mu daidaita ba. Fim ne na talabijin mai dogon zango, a kan wata lauya da ke kare talakawa a kotu. Duk azumi ake fito da sabon kashi, sauran watannin shekara kuma wata tasha ta yi ta maimaita shi bayan la'asar, lokacin da muke dawowa daga jami'a da yunwa. Kowa ya yarda kashi na farko ya yi kyau, kowa ya yarda daga baya ya lalace. A kan ranar da ya lalace ne ake rabuwa.

Ukasha, abokin ɗakina ɗan Gusau, ya ce tun a kashi na biyu ya mutu, ranar da lauyar ta fara yi wa mai gabatar da ƙara murmushi. Fadl ya ce a'a, sai a na huɗu, da suka shigo da 'yan ƙwaya da tseren motoci. Ni kuwa da nake karatun shari'a da doka, ina ɗan ji da kaina, na ce ai tun farko gurgu aka haife shi, don babu kotun da ke gama shari'ar kisa cikin minti arba'in. Duk da haka ban taɓa fashin kallo ba.

Mutum ɗaya ne ke da ra'ayin da babu mai taya shi, wato Ammu Abakar, Baffa Abakar ke nan da Hausa, dattijon da ke ɗauko faranti daga tagar kicin ya miƙa wa masu ci. Bahaushen Sudan ne, ɗan Damazin, shekarunsa sun kusa sittin. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Gobir za su Makka, suka tsaya hutawa a bakin kogi, hutun da har yau ba a gama ba. Hausarsa tsohuwa ce, Larabci ya ci rabinta.

"Kashi na uku, zama na goma sha ɗaya," in ji shi. "A nan ya lalace, khalas, shi ke nan."

"Me ya faru a nan, Ammu?" Ukasha ya tambaye shi. "Ai ko aure ba a yi ba a wannan zaman."

"Hajibi ya kira sunan mai shaida sau ɗaya. Sau ɗaya tak, ya waladi! Alƙali ya ce bai zo ba, aka wuce."

Muka yi ta dariya har Fadl ya leƙo. Hajibi shi ne mutumin nan da ke tsaye a ƙofar kotu, mai yin shela idan alƙali zai shigo, mai kiran sunayen masu shari'a. A fim ɗin ko sunansa ba a taɓa faɗa ba, yawanci ma kafaɗarsa kawai ake gani a gefen hoto. Amma Ammu Abakar shi yake kallo, don aikin da ya yi ke nan shekara ashirin da uku a wata ƙaramar kotu a garinsu.

Ya taɓa yi mini bayanin aikin, yana goge tebur. Kira uku ne, ba a ragewa. Na farko don mutum ya ji, na biyu don ya miƙe, na uku don ya shigo. Tsakanin kowane kira a ja numfashi uku, a waiga dama da hagu, har a leƙa gindin bishiya, saboda manomin da ya yi sammako daga ƙauye yakan ɓingire da barci, mace kuma takan tafi ba ɗanta nono. Ya ce a shekara ashirin da uku bai taɓa bari a rubuta wa mutum "bai halarta ba" alhali yana cikin harabar kotu ba. Ban taɓa jin ya yi alfahari da wani abu ba sai wannan.

Da wannan ɗabi'ar ya zo shagon Fadl. In abincinka ya fito, zai tsaya a bakin taga da faranti, ya buɗe murya kamar ana jiran alƙali.

"Ja'afar!" Sunana ke nan. Sai ya ja numfashi. "Ja'afar!" Ko kana gabansa, ko ka miƙo hannu, sai ya cika na ukun kafin ya saki farantin. Fadl ya yi faɗa har ya gaji, ya ce abinci na hucewa. Mu kam mun saba, har ba mai motsawa a kiran farko.

Yadda ya zo Alƙahira ba wani dogon labari ba ne, ko kuma shi ne ba ya tsawaita shi. A ƙarshen damina ta 2011 yaƙi ya tashi a garinsu yana Khartoum, ya kai wasu takardun kotu. Matarsa Fatuma da 'yarsu Samah suka bi ayarin masu gudu, suka tsallake iyaka zuwa wani sansani. Hanya ta toshe masa. Wani ya ce masa a Masar takarda ta fi tafiya da sauri, ya sayar da abin da yake da shi ya taho. Bayan shekara biyu aka ɗauki Fatuma da Samah daga sansanin aka kai su wata ƙasa mai ƙanƙara, shi kuma yana nan. Abin da ya rage tsakaninsa da su ganawa ɗaya ce, a ofishin da ke duba takardun 'yan gudun hijira irinsu, inda za a haɗa fayil ɗinsa da nasu. Ranar ganawar na rubuce a wata 'yar takarda da ya naɗe a leda, a aljihun ƙirjinsa take kwana: watan uku na 2014.

Duk Juma'a Samah ke kira a wayar Fadl. Fatuma ba ta iya dogon magana, sanyin ƙasar ya kama mata ƙirji. Nakan ji shi yana cewa, "Kwayyis, kwayyis, lafiya lau, saura kaɗan." Daga nan ya koma bakin taga.

Ni na raka shi ranar ganawar. Ofishin na can bayan gari, sai da muka canza ƙaramar bas sau biyu. Ya sa farar jallabiya da ya kai wa mai guga tun jiya, ya riƙe fayil a ƙirji. Mai takarda kaɗai ake bari ya shiga, don haka na zauna a gefen titi tare da sauran 'yan rakiya, ina bitar littafin da ko layi ɗaya bai shiga kaina ba.

Bayan azahar kaɗan ya fito. Hannun rigarsa a jiƙe. Bai yi sauri ba, bai yi sanyi ba, tafiyarsa ta kullum.

"Yaya, Ammu? An yi?"

"Yalla, mu tafi."

Sai da muka zauna a bas ya faɗa mini, da muryar da yake faɗa wa kicin an ƙara faranti biyu. Tun safe yana zaune a tsakar gidan, ana kira da lasifika. Azahar ta yi, ya ga layi bai zo kansa ba, ya je famfon da ke kusurwa yin alwala. Ya wanke ƙafar dama ke nan aka kira sunansa. Ya ji shi sarai, har da sunan mahaifinsa da na kakansa. Ya ce a ransa wannan kiran farko ne, don mutum ya ji. Ya wanke ƙafar hagu, ya sa takalmi, ya gyara jallabiya, yana sauraron na biyu. Sai ya ji an kira wani suna.

Ko da ya isa taga, wancan ya riga ya shige, an rufe ƙofa. Mutumin da ke tagar ya ce ma'alish, a yi haƙuri, an riga an rubuta, mutum ɗari uku ke jira, ba a komawa baya. Ya ba shi sabuwar takarda. Ammu ya zaro ta ya nuna mini: ƙarshen 2016.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin kunyar shi ne a kansa ya ɓaci. Na ce, "Haba Ammu! Ƙafa ɗaya? Ai da ka ruga a haka, ko ba takalmi!"

"Na ɗauka za a sake," in ji shi. Ya naɗe takardar a ledar da ta farko ta fito. Da la'asar yana bakin taga yana aikinsa.

Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba, bai daina cin abinci ba. Da ma ya yi ɗaya daga ciki, da mun san abin da za mu ce masa. Juma'a ta zo, na ji shi yana faɗa wa waya, "Sun ɗaga kaɗan. Tamam." Kira uku ma bai fasa ba.

A farkon 2015, wata ranar Talata, Samah ta kira. Tunda ba Juma'a ba ce, Fadl ya miƙa wayar ya kau da kai. Fatuma ce ta rasu a asibiti, ciwon ƙirjin nan. Aka shimfiɗa tabarmi a lungun shago kwana uku, mutanen Sudan da ɗalibai suka yi ta zuwa gaisuwa. Yana amsawa daidai, yana nuna wa kowa wurin zama. A rana ta huɗu ya ɗaura zanen aikinsa.

Bayan sallar azumi ta wannan shekarar aka fara maimaita kashi na biyar, wanda lauyar ta koma 'yar siyasa, kotun ma da ƙyar ake ganinta. Gardama ta sake tashi. Ukasha mutumin kirki ne, amma bakinsa ya fi kansa sauri, kuma ina jin so yake ya ga dattijon ya yi dariya.

"Ammu, har yanzu kana nan a kashi na uku, zama na goma sha ɗaya?"

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma magana ta riga ta fita. Ammu Abakar ya ɗaga kai ya kalli talabijin na ɗan lokaci.

"A'a," ya ce. "Na janye. Wanda ya rubuta wannan zaman ya san yadda ake yi. Kashi biyun farko ne ƙarya."

Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya yi musu. Fadl ya ƙara sautin talabijin, muka zuba wa lauyar ido tana jawabi a kan dandamali. Ni ban ji komai a raina ba a lokacin, sai yunwa.

Can aka buga taga daga kicin, wake da burodin da na ce a kawo mini sun fito. Ammu Abakar ya ɗauki farantin.

"Ja'afar."

Ban motsa ba, ina jiran na biyu kamar kullum. Na jira numfashi uku, na ƙara wasu ukun. Da na waiga, farantin na ajiye a kan taga, shi kuma ya juya baya yana wanke kofuna.