Tafiyata Miga Neman Takalmin Babana

Dutse zuwa Jahun

Ƙarfe shida saura kwata na bar gida a unguwar Takur da ke Dutse, ina idar da sallar asuba. Maiɗakina ta ga jakar da na rataya ta ce, "Yau kuma tsohon takalmin wa za a kwaso mana?" Tana da gaskiya. Shekara da shekaru ina tara tsofaffin takalman fata da kayan dukanci, har sun cinye rabin falonmu. Amma wannan tafiyar daban ce. A jakar akwai takalman fade guda biyu da na samu a akwatin kakata, ɗaya na babana da ya rasu ina goye, ɗaya na ƙanensa. Duk wanda zai bambance mini su ya riga mu gidan gaskiya, sai badukun da ya ɗinka su, Baba Ila, da ke wani ƙauye a Miga, kuma na ji jikinsa ya yi tsanani.

Motarmu ta tashi shida da rabi, mu shida a ƙaramar mota. Kafin Kiyawa aka tsayar da mu a shingen bincike. Jami'in ya buɗe jakata, ya dube ni, ya rufe ta. Direba ya ce, "Malam, ya tausaya maka ne." A Jahun na sha koko da ƙosai a tsaye.

Miga

Tara da kwata muka shiga Miga. Daga nan ɗan acaɓa ya bi da ni ta cikin gonakin gero, tafiyar minti ashirin da biyar, ni dai ina ta salati a baya.

Na iske Baba Ila kishingiɗe a zaure, idonsa ya tafi gaba ɗaya. Wanda ba ya gani yaya zai gane takalmi? Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ɗan Hamza mai goro ne.

"Hamza na Jahun? Allah ya jiƙansa. Ai bashin gaisuwa ka zo biya, ɗana."

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Bai ko taɓa takalman ba, ya ce wa 'yarsa ta sauko masa da dami. Ashe shi bai taɓa awo da tef ba. Ganyen kaba yake tsagawa ya auna ƙafar mutum, ya yanke daidai tsawonta, ya yi mata ƙulli irin na mai ita, ya ajiye. Ya yi ta laluba su ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayen mutane, yawancinsu da "Allah ya jiƙansa". Can ya tsaya.

"Ƙulli biyu a kai, ɗaya a gindi. Ga Hamza."

Na ɗora kabar a kan kyakkyawan, wanda na yi shekaru ina shafa wa mai ina cewa na babana ne. Ta gaza da kusan yatsa biyu. Na ɗora a kan ɗayan, mai cinyayyen dunduniya, wanda nake barinsa a ƙasan kwali. Cif. Kunya ta kama ni, hawaye kuma suka zubo.

Baba Ila ya ce, "Ƙanen nasa ɗan gayu ne, sai ranar Juma'a yake sawa. Babanka kuwa kasuwa-kasuwa yake bi da ƙafa don ku ci."

Na so ya sayar mini da basillarsa, babbar allurar da yake ɗinkin fata da ita, ya ce ba yanzu ba, yana jin daɗin riƙe ta. Kabar dai ya ba ni. Muka ci dambu da 'yarsa ta kawo, na yi sallama bayan azahar.

Gida

Biyar da minti goma na iso Takur. Ban taɓa sa takalmin da na tara ba, amma ranar na zauna a bakin gado na zura ƙafata a na babana. Yatsuna suka faɗa daidai gurbin da nasa suka bari. Na daɗe ban cire ba, maiɗakina kuma ba ta tsokane ni ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni da sauran lokaci. Baba Ila, Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri.