Wandon da Mai Kwat Ya Yanka wa Kansa

A layin da ke bayan tashar mota, tsakanin shagon mai gyaran agogo da na mai sayar da fenti, akwai wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa wadda sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Nan Mai Kwat yake ɗinki tun gashin kansa yana baƙi wuluk. Duk layin da wannan suna suka san shi, har matarsa ma da shi take kiransa in ranta ya ɓaci.

Ya koyi sana'ar a zamanin da malamin makaranta ba ya tsayawa gaban allo sai da kwat, akawu kuma ba ya shiga ofis da wuyan riga a buɗe. Maigidan da ya koya masa mutum ne mai tsanani. An daɗe bai bar shi ya taɓa almakashi ba, sai guga da ɗinkin ramin maɓalli da hannu, in rami ɗaya ya karkace a warware duka. Ranar da ya sallame shi sai ya ba shi almakashi da yadin ulu, ruwan toka mai duhu, da siraran layuka waɗanda sai ka matso kusa kake ganinsu. Ya ce masa ya ajiye sai ranar da ta isa. Irin wannan yadi an daina kawo shi tuntuni. In ka damƙe shi a tafin hannu ka saki, miƙewa yake yi kamar ba a taɓa shi ba. Mai Kwat ya adana shi a akwatin ƙarfe da kafur, yana fito da shi jefi-jefi ya sha iska. Aurensa ya zo ya wuce, 'ya'ya suka zo suka girma, bai ga ranar da ta isa ba.

A hankali kwat ta kanti ta cika kasuwa. Aikinsa ya koma rage tsawon wando, da canza zif, da kayan makarantar yara. Daga safe zuwa yamma yana kan kujera ɗaya, kofin shayi a gefen keken ɗinki, sukari har sai cokali ya ji nauyi, ga burodi. Da haka tumbi ya fito, ya yi ta gaba har ya fara gogar teburin keke.

A ƙarshen shekarar da ta wuce abubuwa biyu suka same shi kusa da kusa. Na farko, ciwon kai ya kai shi asibiti, likita ta ce hawan jini ne, ta ba shi magani, ta ce ya rage ƙiba. Na biyu, 'yarsa Auta, wadda ita ce ta farko a gidan da ta kai jami'a, ta bugo waya ta ce za a yaye su kafin tsakiyar shekara mai zuwa.

"Baba," in ji ta, "yadin nan na akwati nake so in gan ka a ciki. In ranar nan ba ta isa ba, to wacce kake jira?"

Ya ce ya ji. Da ya ajiye wayar sai ya sunkuya ya dubi cikinsa.

Mai Kwat ba baƙon alkawarin sabuwar shekara ba ne. Ya taɓa yi wa kansa alkawarin barin sukari, ya taɓa cewa da ƙafa zai riƙa zuwa shago, ya taɓa sayen igiyar tsalle wadda yanzu ake shanya a kanta. Ba wanda ya kai ƙarshen Janairu. Da ya zauna ya yi nazari sai ya ga laifin na baki ne: abin da baki ya faɗa, baki yana iya warwarewa. Almakashi kuwa ba shi da komawa baya.

Saboda haka ranar farko ta aiki a sabuwar shekara ya buɗe shago da wuri, ya share tebur, ya shimfiɗa yadin. Bai auna kansa ba. Awon ƙugunsa na lokacin aurensa yana kansa har yanzu, shi ya zana da alli. Tsakanin wancan ƙugu da na yau akwai fiye da tafin hannu. Duk tela na kirki yakan bar rarar yadi a cikin ɗinkin bayan wando, don in mai shi ya ƙara jiki a buɗa masa. Mai Kwat bai taɓa hana kowa wannan rara ba, amma kansa ya hana, da gangan, don kada zuciyarsa ta sami wurin gudu. Ya yanka wandon, ya ɗinke shi a ranar, ya rataye a bayan labulen da masu kaya suke gwaji. Sauran yadin, wanda da ƙyar zai isa kwat ɗaya, ya mayar akwati. Bai gaya wa kowa ba.

Daga nan ya shiga yaƙi da cikinsa. Da safe shayi ba sukari, ba burodi, ya haɗiye maganin likita a kai. Abincin rana da matarsa take ɗaura masa a kwano, sai ya miƙa wa maƙwabcinsa Mai Agogo, wani siririn tsoho mai baki, wanda suka daɗe suna tsokanar juna. Da yamma a gida ya ɗan tsakura ya ce ya ƙoshi a shago.

"Tela, lafiya kuwa?" in ji Mai Agogo, yana buɗe kwano. "Ko kun yi faɗa da Maman Auta ne ka ke so a gwada gubar a kaina?"

"Ci ka yi shiru. Kai da iska ke neman ɗauka, taimakonka nake yi."

"To Allah ya ƙara muku faɗa. Gobe ka ce ta ƙara nama."

Kowace safiya kafin ya ɗaga ƙofa gaba ɗaya, sai ya shiga bayan labule ya gwada wandon. Wando ya hau gwiwa, ya kai cinya, ya tsaya. Ya ja numfashi, ya matse ciki har idonsa ya yi ja, bakin wandon biyu suna hangen juna daga nesa. Sai ya cire, ya duba ɗinkin ko ya ja, ya rataye, ya fito yana gumi. Wata rana ya ga kamar an sami ci gaba, kashegari ya ga kamar ma baya aka koma. Yana taka keke yana lissafin watannin da suka rage, lissafin ba ya fita. In waya ta yi ƙara sai ya zabura, yana tsoron Auta ce za ta tambayi kwat.

Kafin wata ya ƙare hannunsa ya fara rawa. Zare ya ƙi shiga allura sai ya yi ta fama. In ya miƙe daga kujera sai shagon ya juya, ya dafa tebur har abin ya lafa. Wata rana ya zana layin alli a kan wandon wani ɗan makaranta, ya ja baya ya duba, ya ga layin ya karkace kamar hanyar tururuwa. Ya goge da sauri, ya waiwaya ko wani ya gani. Abin ya tsorata shi fiye da jirin, don tun da yake bai taɓa zana karkataccen layi ba. Duk da haka bai ci abincin ranar ba. Yana tunawa da yadin da ya riga ya yanka, sai yunwar ta koma tsoro.

Kwano ne ya tona masa asiri. Mai Kwat ba ya cin albasa, tun aurensu yake ture ta gefe, kullum kwano yakan koma gida da ɗan tarinta a baki. Yanzu kuwa kwano yana dawowa fes kamar an wanke, mai kwanon kuma yana ramewa a wuya, fuska ta yi duhu. Maman Auta ta zuba ido na 'yan kwanaki. Ran nan da safe ta bar shi ya fita, ta ɗauki mayafinta ta bi bayansa.

Ta tarar da ƙofa a ɗage rabi, ba kowa a kan keke. Ta ji nishi a bayan labule. Da ta yaye sai ga mijinta zaune a ƙasa, ya jingina da bango, gumi ya jiƙa masa riga, wando ruwan toka ya maƙale masa a cinya. Jiri ne ya kwashe shi yana tsakiyar ja.

"Wayyo Allah! Baban Auta!"

"Kada ki yi ihu," ya ce da ƙyar. "Ja ƙafar wandon a hankali. A hankali na ce, kada ɗinkin ya buɗe."

"Kana mutuwa kana zancen ɗinki?"

Ihun ya riga ya jawo Mai Agogo, gilashin aikinsa a goshi. Su biyu suka zare wandon, suka ɗora Mai Kwat a kujera, aka ba shi ruwa. Sai a lokacin ta dubi abin da ke hannunta da kyau. Ta shafa yadin, ta ɗaga ƙugun sama, ta dubi mijinta.

"Mai Kwat. Yadin akwati ne wannan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wa ka ɗinka wa? Don wannan ƙugu dai na san shi, amma rabona da shi tun kafin in haifi ɗan fari."

"Ni zai yi wa daidai," in ji Mai Agogo. Ba wanda ya yi dariya, shi ma sai ya kama bakinsa. Can ya ce a hankali, "Da na san abin da nake ci ke nan, wallahi da ban karɓa ba."

A ranar ta kai shi asibiti. Likita ta auna jininsa zaune, ta auna tsaye, ta tambayi abin da yake ci, ta ajiye abin awon ta dube shi.

"Baba, ca na yi ka rage, ban ce ka daina ba. Kana shan maganin hawan jini a kan yunwa, da a bakin titi ka faɗi fa?"

Ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko tafin hannu zai iya sauka daga ƙugunsa kafin a yaye 'yarsa. Ta ce a'a, ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce in ya ci abincinsa sau uku yana rage yawa, ya rage sukari, ya riƙa takawa zuwa shago, zai iya ganin yatsa biyu sun sauka, wataƙila ma ɗaya, kuma wannan ya ishe ta a bana.

A hanyar gida ya yi ta lissafi. Yatsa biyu ba za su shigar da shi wandon nan ba, kuma ba rarar da za a buɗa. Abin da maigidansa ya ba shi, ya tsare shi daga asu da ruwan sama shekara da shekaru, da hannunsa ya lalata rabinsa a safiya ɗaya. Saura na kwat, shi ma yanka ɗaya gare shi.

Ya huta kwana biyu, ya ci abinci a gaban matarsa. Ran da ya koma shago, da ƙafa, yana tsayawa yana hutawa, ta biyo shi. Ya fito da sauran yadin ya shimfiɗa. Ya ɗauki tef ɗin awo zai zagaya cikinsa, ta karɓe.

"Kawo. Kai da bakinka ka ce tela ba ya auna kansa."

Ta zagaya masa tef ɗin, ta ce ya saki cikin. Ya ce ya saki. Ta tsaya tana kallonsa har numfashi ya ƙare masa, cikin ya sauko inda yake, sannan ta karanta. Ya ji lambar, ya runtse ido.

Ya ɗauki alli ya zana. Da ya zo wajen ciki sai hannunsa ya tsaya, ya ɗan matsa ciki da layin.

"Ai likita ta ce yatsa biyu za su sauka," ya ce.

"Ta ce wataƙila. In sun sauka, ba ka iya rage kwat ba ne?"

"Na iya."

"In ba su sauka ba fa, ka iya ƙara ta?"

Ya daɗe yana kallon layin. Ta taga Mai Agogo ya leƙo, ya buɗe baki, Maman Auta ta harare shi, ya mayar da kansa. Mai Kwat ya sa babban yatsa ya goge layin, ya sake zana shi a kan awon yau, ya bar rara a gefe da baya. Ya duba hannunsa ya ga ba ya rawa sosai. Ta riƙe masa bakin yadin, ya sa almakashi, yana yanka yana riƙe numfashi har ya kai ƙarshe.

Bai gama tattara guntayen ba waya ta yi ƙara. Auta ce. Ya dubi matarsa, ta nuna masa wayar da haɓa, alamar ba mai ɗaukar masa.

"Baba, ina wuni? Ka fara kuwa? Na gaya wa ƙawayena duka fa, na ce za su ga ɗinkin da ba a yi yanzu."

"Yanzun nan na yanka kwat ɗin, Auta."

"Kai, madalla! Wandon fa?"

Ya share gumin goshinsa da bayan hannu.

"Wandon ya sami matsala, laifina ne, in kin zo hutu zan ba ki labari. Baƙin wandona zan sa, zan goge shi da kyau."



"Amma dai za ka zo, ko? Muryarka wani iri nake jin ta."

"Zan zo. In za a ɗauki hoto dai, ki ce wa mai hoton ya tsaya daga ƙugu zuwa sama."