Tokar Inna Lavina

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum kafin a kaɗa ƙararrawar makarantar mishan ta Onondaga, Inna Lavina ta riga ta gangaro daga tudu da bokitin toka a hannu. Takan hura wuta, ta ɗora farar masara, ta zuba tokar a ciki. Idan fatar masarar ta saluɓe sai ta kai ta rafi a kwando, ta wanke har ruwan ya fita tas, ko da ƙanƙara ta rufe bakin rafin. Da rana yara arba'in su sha faten masara da wake. Yaran da ke zuwa daga nesa, wannan kwanon ne ke kawo su aji lokacin sanyi.

Waken da naman da ake sawa a ciki, matan wata majami'a ta birni ne ke aikowa. Wata shekara shugabarsu, Uwargida Ainsworth, ta zo duba ko za su ci gaba da taimakon. Ta leƙa ɗakin girki daidai lokacin da Inna ke juye toka a tukunya. Sai ta dafe ƙirji.

"Toka kuke ba yaran nan?"

Malam Pettibone, shugaban makarantar, ya matso kusa da Inna yana raɗa. "Don Allah ki zubar. Idan ta janye, babu abincin rana, kuma rabin ajina ya tafi."

"Malam, shekara shida kana shan tokar nan. Har ƙari kake nema."

Yayanta Jairus, mai kawo itace, ya ce daga bakin ƙofa, "Ki bar baƙuwa ta tafi da wakenta, Lavina. Ko ni da na girme ki, haƙuri nake da girkinki."

"Haƙurin kwano uku? Matsa min, tsoho."

Ba ta zubar ba, ba ta kuma yi musu da baƙuwar ba. Ta miƙa mata mayafi ta ce su je rafi. Matar ta tsaya cikin sanyi tana kallon hannuwan Inna sun yi jawur a ruwa, masarar tana fitowa fara sol. Da suka dawo baƙuwar ta sha kwano guda. Kafin ta hau keken doki ta tambayi yadda ake yi.

Bayan wata biyu buhunan wake suka iso, da wasiƙa daga Uwargida Ainsworth. Ta gwada a gida, in ji ta, ko karenta ya ƙi ci. Inna ta sa aka karanta mata sau biyu.

"Tokar kwal ta zuba, baiwar Allah. Ba wanda ya gaya mata sai ta busasshen itace."

Ta cika gwangwani da tata tokar aka kai mata birni. Tun daga nan waken bai taɓa yankewa ba.

Inna, ke ce uwar tukunya. Ba ki taɓa zama a bencin aji ba, amma ke kika riƙe mu a kansa, har mu da ba mu yi nisa a karatu ba. Sunanki ba ya cikin rahoton da mishan ke bugawa duk shekara, shi ya sa na rubuta shi nan.

A ƙarshen watan nan Inna za ta ajiye ludayi, gwiwoyi sun ƙi gangara. Mun gode, Inna, *nyawenha*, kamar yadda muke faɗa da harshenmu. 'Yan'uwana mata, har yanzu ba a sami wadda za ta karɓi ludayin ba. Tana gida da safe, kuma ta ce duk mai son koyo ta zo da kwandonta.