Murjanatu da Ruwan Atishok

Murjanatu 'yar Anguwan Rogo ce, amma mutanen Abbatuwa, unguwar mayanka, suka fi saninta, don can take sayar da farfesun kayan ciki tun tana amarya. Mijinta Jika mahauci ne, ƙato mai yawan barkwanci. Shi ke ware mata hanta da tumbi kafin 'yan sari su iso.

Bara idanunsa suka yi ɗorawa, ciki ya kumbura, wuƙa ta fara yi masa nauyi. Likita ya ce ciwon hanta ne, kuma ya ci jiki sosai. Jika ya ƙi kwanciya a asibiti, ya ce in mutuwa ce ta same shi a ɗakinsa.

Murjanatu ta kife tukunya ta shiga neman magani. Wata maƙwabciya ta nuna mata bidiyo a waya, wai akwai wani ganyen Turawa mai ɗaci, atishok, ruwansa yana wanke hanta. Ta bi kemis-kemis har Bukuru kafin ta same shi cikin 'yar kwalba a shagon wata mata, Ulonma.

Ulonma ta riƙe kwalbar ba ta miƙa ba. Ta ce, "Maman yara, wannan mai kumburin ciki bayan cin maiƙo yake ɗan taimaka wa. Ba ya gyara hantar da ta lalace. Ki mai da oga asibiti."

"Ba zai je ba, madam. Ki ba ni kawai. In na koma hannu rabbana me zan ce masa?"

Kullum da safe tana ɗiga masa a ruwan ɗumi, yana sha yana yamutsa fuska. Ranar da ya ɗan taɓa tuwo, ta bi dangi da waya tana cewa sauƙi ya samu. Mako bai zagayo ba ya fara aman jini. A keke mai ƙafa uku aka kai shi asibiti, kansa a cinyarta. Bai kai la'asar ba.

Da ta fita takaba, ta bi shawarar likita ta kai kanta da yara gwaji. Yaran lafiya lau. Ita ce aka samu da ƙwayar cutar, sai dai an ce hantarta ba ta taɓu ba tukuna.

Ta daɗe zaune a bencin asibitin. Da wata nas ta zo wucewa, ta kamo hannunta.

"Sista, ki faɗa mini gaskiya. Zan kai in ga girmansu?"

Nas ɗin ta zauna kusa da ita, ta ce, "In kina zuwa muna duba ki, akwai hali. Ran Litinin ki zo da sassafe."