Dattijon da Aka Aiko Sayen Magajinsa

A shagon kwamfuta nake kallon wani dattijo, rigarsa a goge amma wuyanta ya koɗe. An aiko shi ya zaɓo sabuwar ma'ajiyar fayil, domin tsohuwar sabar ofishinsu, wato kwamfutar da ke adana fayilolinsu, ta fara gazawa. Yadda yake kwaikwayon kukan da take yi, na tabbata ya shekara goma yana lallaɓa ta shi kaɗai.

Mai shago na shafa wani baƙin akwati. "Baba, wannan jonawa kawai za ka yi. Ba ta buƙatar mai kula da ita."

Dattijon yana murmushin yaƙe. "Haka manaja ya faɗa mini, a gaban kowa."

Ya gyara tabarau, ya daɗe yana karanta jikin kwalin.

"Ba ni mai faifai biyu. In ɗaya ya mutu, ba na nan balle a kira ni."