Kujera ta Uku a Gaban Ofishin Rajista

Ƙarfe bakwai da rabi na safe yake isowa, tun masu gadi ba su buɗe ƙofar ofishin rajista ba. A barandar shagon mai ɗaukar hoton fasfo, daura da ƙofar, zai kafa teburinsa, ya zaro tafireta daga cikin buhu, ya bi haruffanta da tsohon burushi. Sannan ya jera kujeru uku. Ɗaya tasa, ɗaya ta wanda ya zo a rubuta masa takarda. Ta ukun ta katako ce, hannunta ɗaya a karye. Ita yake fara gogewa da gefen rigarsa, ya juya ta ta fuskanci tebur, ya ɗan rusuna ya ce mata, "An tashi lafiya?" Shekara talatin da takwas ke nan, kuma babu mai zama a kanta.

Mai Tafireta mutanen layin suke ce masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don yatsun sun fara rawa. Shi ya sa na ce bari in faɗi nawa tun yana ji da kunnensa.

Mai hoto, wadda ta shekara ashirin tana maƙwabtaka da shi, ta rantse mini ko magen layin ba ta hawa kujerar nan. Ta ce wata rana wani mutum ya gaji da tsayuwa ya zauna a kai, bai yi minti ɗaya ba ya miƙe yana waige-waige, wai ji ya yi kamar ya zauna a cinyar wani. Ni dai ban ga wannan ba. Abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Shekara huɗu da suka wuce mahaifina ya mutu a kan takarda. Tela ne, idonsa na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma ya fara dishi-dishi. Likita ya ce in ba a yi aiki cikin wata biyu ba, shi ma zai bi ɗan'uwansa. Muka je asibiti buɗe kati, yarinyar da ke kan kwamfuta ta shigar da lambar shaidarsa, ta dube shi, ta sake duban allon, sai na ga ta ja kujerarta baya.

"Baba, mai wannan lambar ya rasu tun bara," in ji ta.

Abba ya shafa ƙirjinsa. "Ikon Allah. Kuma ba a gaya mini ba?"

Asibiti suka ce ba sa buɗe wa mamaci kati, sai ofishin rajista ya gyara. Da farko abin dariya ya zama a gida. Umma ta miƙa masa kwandon cefane, ya ce mamaci ba ya zuwa kasuwa. Amma da kwanaki suka ja, dariyar ta ƙare. Sai in shiga shagonsa da rana tsaka in same shi zaune gaban keken ɗinki, hannu a kan ƙyalle, ƙafa ba ta motsi, yana kallon bango. In na yi sallama sai ya ɗan jima kafin ya amsa, kamar muryata daga nesa take zuwa. Rannan ya ce mini, "Kin san na fara jin kunyar yin tari a cikin mutane?" Na juya na fita daga shagon.

To ni malamar makaranta ce, rubutun insha'i da muhawara nake koyarwa, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a wannan fanni. Na zauna na zuba takardar koke shafi uku zuwa ga shugaban ofishin. Gabatarwa, hujja ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sannan kammalawa mai zafi inda na nemi a binciko wanda ya yi wannan sakaci a hukunta shi. Da ɗalibina ne ya rubuta, da na ba shi maki tara cikin goma. Na kai, shiru. Na ƙara wata mai zafin da ya fi na farko, shiru. Ta uku har da maganar kotu. Sati biyar suka tafi a haka, saura uku.

Ranar da na fito daga ofishin ina huci, mai hoto ta yafito ni. "Malama, ki gwada tsohon nan mana."

Na dubi tafiretar da ta girme ni, na ce a raina, ni da nake koyar da abin? Amma na zauna, don ƙafata ta gaji.

Ya karɓi kwafin takardata. Bai karanta a zuci ba. Ya gyara zama ya fuskanci kujerar da babu kowa, ya shiga karanta mata a hankali, yana ɗaga ido bayan kowane layi kamar mai duban fuskar wani. Bai gama sakin layi na biyu ba ya tsaya. Ya bi wani abu da ido, daga kujerar har bakin titi. Wallahi sai da na waiwaya.

"Ta tashi," ya ce. "Ta tafi."

"Wa?"

"Wadda kika rubuta wa."

"Baba, shugaban ofis na rubuta wa, kuma namiji ne."

"Sunansa kika sa a ambulan, 'yata. Wa yake buɗe ambulan ɗin?"

Ban sani ba. Shi ya sani, don shekara talatin da wani abu yana kallon ƙofar nan, ya san mai shiga da wasiƙu da mai fita da su. Ya ce duk takardar da ta shafi gyaran rajista, teburin wata ma'aikaciya take fara sauka, a ɗakin fayil, ita kuma take ɗauka ta kai sama. Mace ce mai 'ya'ya huɗu, mijinta ya rasu, an taɓa ba ta takardar gargaɗi sau ɗaya. Kuma ita ce mai shigar da sunayen mamata.

"Kin rubuta wa mace takardar korarta," ya ce, "kin ce ta kai wa maigidanta da hannunta. Har sau uku. Ke za ki kai?"

Kunya ta rufe ni, sai ta koma fushi. Na ce ai gaskiya na faɗa, laifinta ne, ta ji da shi.

"Gaskiya kika faɗa, babu ƙarya ko ɗaya. To yanzu zaɓi. Gardama kike son ci, ko idon mahaifinki kike so?"

Ya ce tambaya uku yake yi kafin ya taɓa tafireta: wa zai buɗe, me ake so ya yi da hannunsa in ya gama karantawa, kuma a wane hali takardar za ta same shi. Ya juya ga kujerar, ya sassauta murya kamar mai lallashin wanda ya tsorata. "Dawo ki zauna, baiwar Allah. Ba faɗa muka zo ba." Iska babu, amma na ji katakon ya yi ƙara kaɗan. Wataƙila zafin rana ne. Na dai janye ƙafata.

Layi tara ya buga. Babu kalmar sakaci, babu hukunci. A ciki ya ce an samu saɓani a lamba kaza, ga kwafin katin shaida, ga takardar likita da ranar da aka sa. Ya ambaci fom ɗin da ma'aikaci zai iya gyara irin wannan da shi a kan teburinsa ba sai an hau sama ba, wanda ni ban ma san da shi ba. Layin ƙarshe ya ce mai lambar zai zauna a bencin waje ranar Alhamis bayan azahar, da shuɗiyar riga, in ana son ganinsa. Kowane layi sai ya karanta wa kujerar, ya jira, sannan ya ci gaba. Ɗaya ya soke, ya ce, "Ta ɗaure fuska a nan."

Na ce a kai yau, lokaci na tafiya. Ya ce a'a, yau Litinin, wasiƙu sun taru, mai duba aikinta yana tsaye a kanta. Sai Alhamis, lokacin da ɗakin yake zama nata ita kaɗai. Kwana ukun nan sun fi mini sati biyar ɗin tsawo.

Ranar Alhamis muka zauna a benci ni da Abba. Can sai ga mace ta fito, siririya, da tabarau, takardar a hannunta. Ta tsaya nesa da mu tana kallon shuɗiyar rigar. Ta matso taku biyu ta sake tsayawa. Na taɓa ganin tsoro a fuskar mutum, amma ban taɓa ganin irin na wanda yake kallon mutumin da ya binne da hannunsa ba.

"Baba, kai ne?" ta ce.

"Ni ne, 'yata. Kwantar da hankalinki, ban ji zafi ba."

Ta durƙusa a gabansa ta fashe da kuka. Ta ce layi ɗaya ta tsallake, ta ɗora mutuwar wani a kansa. Ta ce takarduna uku suna cikin aljihun teburinta, kullum ta buɗe sai ta ga kamar suna kallonta. Kafin a tashi daga aiki ta dawo da mahaifina cikin masu rai. An yi aikin ido saura kwana tara wa'adin likita ya cika.

Baba Mai Tafireta, kai ne ka ga matar nan alhali bango biyu ne tsakaninku. Ni na ga mai laifi, kai ka ga mai jin tsoro, kuma ba ka ƙara ko rage komai a gaskiyar ba. Kai ne wanda mai hoto ta ce ya taɓa hana wani mutum aika wa ƙaninsa wasiƙar yanke zumunci, ba da wa'azi ba, sai da ka sa shi ya karanta wa kujerar da bakinsa, ya kasa wuce layi na huɗu. Mai kunnen wanda ba ya nan. Mutum nawa ka buɗe wa ƙofa da layi tara, suka wuce ba su ko waiwayo ba? Ni kaina sai da na shekara kafin na iya dawowa in ce na gode, don girman kai.

Yanzu akwai kujera a gaban ajina. Kafin ɗalibai su rubuta muhawara sai su gaya mini wa ke zaune a kai, me yake tsoro, me suke so ya yi. Ku ma masu rubutu, na ofis da na makaranta da masu zuba zafi a waya, ina roƙonku ku ajiye irin kujerar nan ko a zuci ne, ku dubi mai zamanta kafin ku aika.

Makon jiya muka je yi wa Baba Mai Tafireta sallama ni da Abba, wanda ya ɗinka masa riga da hannunsa, ya zura zare a allura da idonsa. Na ce wa tsohon na rubuta wani abu a kansa. Ya yi dariya.

"Wa zai buɗe?"

"Mutane da yawa, Baba. Amma kai nake so ka fara ji."

"Me kike so in yi in na gama?"

"Ka yarda an gode maka."

Ya daɗe yana kallon kujerar. Sannan ya miƙe, ya goge ta da gefen rigarsa, ya ce mata, "A yi mini aron wuri." Mai hoto ta fito bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Ya zauna a hankali, ya ɗora hannu a kan karyayyen hannunta, ya dube ni.

"To, Malama. Karanta, ina ji."